Ranar da Ta Ƙi Faɗuwa

Lyon, daren goma ga azumi

Yau na raka ’yata Zainabu Paris, ta hau jirgin Montreal za ta karatu. Ni na dawo Lyon a jirgin ƙasa, awa biyu.

A filin jirgi ta ce za ta ajiye azumi tunda matafiya ce. Na ɓata rai, na ce awa bakwai da rabi a zaune, ana kawo miki bargo, wannan har tafiya ce? Ta ce, “To, Inna.” Ita dai ba ta musu da ni.

Da magariba na zuba kunu kofi biyu, sai da na zauna na tuna ni kaɗai ce.

Ƙarfe goma ta kira, muryarta a dushe. Na ce ta sha ruwa dai ko? Ta ce, “Inna, nan ƙarfe huɗu ne, rana tana nan ƙwal. Tun daga Paris take bin mu.”

Na lissafa awannin jirgi, ban lissafa rana ba. Awa shida na ƙara wa ’yata da bakina, a ƙasar da ba ta da mai dama mata kunu. Na ce ta karya, ta ce saura kaɗan.

Yanzu ƙarfe ɗaya ta wuce, can har yanzu ba magariba. Kofinta yana nan kan tebur, ya huce. Ba zan kwanta ba sai ta sha ruwa.