Fumfuna a Bayan Jere

Atika,

Na wuce aiki Challawa. Ban tashe ki ba, kin sha wahala da tarin Binta.

Ina neman hulata na leƙa bayan jeren kwanukanki. Bangon da ambaliya ta jiƙa ya yi fumfuna, har ta kama akwatin lefenki. Ashe nan ne warin da kike cewa ni nake kwasowa daga kamfanin fata. Kin sa ni wanka biyu-biyu a banza.

Ki kai Binta ɗakin Inna, ki shanya zannuwan a rana. Ki bar jeren, zan sauke shi da kaina.

Shuɗiyar atamfar ranar da aka kawo ki amarya tana nan lafiya. Ita na fara dubawa.

Naki,
Lawan