Takabar Zukiswa

Zuwa ga ɗana Mzwandile, Baban Sinazo,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da addu'ar takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Bulelwa da yara a can Cape Town. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, musamman basirar. Mu nan Cofimvaba sai godiya. An samu ruwa bayan dogon jira, masara ta tsiro, gwiwata kuwa tana nan da halinta. Kawunka Zolile ya faɗo daga kan doki, amma ya warware har ya koma musu da mutane.

Saƙonka ya iso. Ba ka rubuto ba, ba ka kira ni ba, sai ka sa Bulelwa ta kira, baiwar Allah tana ta in'ina kamar ita ta yi laifin. Wai ka ce in kun zo hutun Kirsimeti ba za ka yanka tunkiya ba, ba za ka fitar da surukata Zukiswa daga takaba ba, domin a gidan ubanka babu wata mai takaba. Wai kai dattijon coci ne, ba za ka sa hannu a auren da Allah bai ɗaura ba. To, Dattijo, gyara zama, don raina a ɓace yake kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ƙanwarka Lulama ta auri Zukiswa, mace da mace, a ofishin gwamnati a Komani, ido na ganin ido, bisa dokar ƙasar nan. Ba ka zo ba, ban kuma tilasta maka ba. Ayoyin da kake turo mini ta waya na san su tun kafin ka iya ɗaura igiyar takalmi, kuma ban ce ina da amsar kowace ba. Har gobe ina kai tambayata gaban Allah a kan gwiwoyin nan masu ciwo. Amma akwai abin da na gani da idona. Da ciwon ƙoda ya kayar da Lulama, Zukiswa ce ta ajiye aikinta na shagon magani, ta dawo da ita nan gida. Ita ke goya ta zuwa bayi, ita ke wanke ta, ita ke ba ta kunu cokali-cokali tana yi mata waƙar coci da wannan muryar tata marar daɗi, har Lulama ta yi dariya ta ce don Allah ta bar ta ta mutu cikin kwanciyar hankali. Kai kuwa ayoyi ka turo. Aya ba ta juya marar lafiya a kan gado.

Shi ya sa da Lulama ta cika, ni da hannuna na sauke katifa ƙasa, na zaunar da Zukiswa a kai, na lulluɓe ta da bargo, yadda aka yi mini lokacin da ubanka ya rasu. Kana waje cikin maza, amma na san ka ji abin da ya biyo baya. Matan zumuntar cocinmu suka zo addu'a da jajayen rigunansu, suka tsaya a bakin ƙofa kamar ɗakin na cin wuta. Shugabarmu, Mama Dyantyi, ta ce wai wace irin takaba ce wannan, babu gemu a cikin akwatin gawa. Na ce mata nata mijin gemunsa har ƙirji, ban taɓa ganin ya miƙa mata ko kofin ruwa ba. Suka yi waƙarsu a tsakar gida suka tafi. Ranar jana'iza fasto ya kira Zukiswa wata ƙawar marigayiya, sannan ya zauna ya yi wa naman saniyar da ƙawar ta saya cin mutunci. Ka ji shi da kunnenka, ka sunkuyar da kai kana gyara lakatai.

Abin da ba ka sani ba shi ne na ranar Alhamis da ta biyo. A taron zumunta suka ce in rataye jar rigata sai na tuba. Rigar da na saka tun kana goye, wadda na yi wa rabin garin nan jinya da wankan gawa a cikinta. Na tambaye su tuban me, na zaunar da mai kuka a inda masu kuka ke zama? Na tuɓe ta a nan gabansu, na ninke, na ajiye wa Mama Dyantyi a cinya, na tako gida cikin sanyin watan Yuli da 'yar shimi. Zukiswa ce ta hango ni, ta cire bargon kafaɗarta ta rufa mini. Ban yi kuka a coci ba, sai a lokacin.

Ka san al'adarmu sarai, kada ka yi mini kamar a Cape Town aka haife ka. Mai takaba ba ta cire baƙi da hannunta. Namijin gidan da ta yi wa takaba ne zai shiga garke ya yanka dabba, a yi addu'a, mata su wanke ta, a ƙone baƙaƙen kayan, a sa mata sababbi. In ba haka ba, tana cikinsu. Yarinyar nan in ta shiga mota sai kujerar ƙarshe, ba mai zama kusa da ita, ba ta shiga gidan kowa, ba ta koma aiki ba. Na ce mata ta bari in kira kawunka Zolile. Ta ce a'a Mama, Lulama ba ta da wani wa sai Mzwandile, in shi bai yarda ta yi takaba ba to ba ta yi ba, za ta jira shi. Kai take jira, kai da ko gaisuwarta ba ka amsa ba.

Kuma da ka yanka mini tunkiya bayan mutuwar ubanka, ka tsaya a garke kana kiran sunayen kakanninka ɗaya bayan ɗaya, wace aya ka karanta? A ranar dattijantakar cocinka ba ta hana ka ba. Ubanka ya sha kulkin 'yan sanda a zamanin da baƙar fata ba ta da haƙƙi a ƙasar nan, kuma masu dukan ma da ayoyinsu a baki. Dokar da ta ba ka damar sayen gida a unguwar da a dā sai dai ka shiga shara, ita ce ta ba ƙanwarka takardar aurenta. Ka karɓi rabonka da hannu biyu, nata ne ya zama ƙazanta? Ban ce ka yi wa'azi a kan aurensu ba. Ka riƙe ra'ayinka, ranar shari'a kowa zai yi bayani. Cewa na yi ka fitar da yarinyar da ta wanke maka ƙanwa daga takaba.

Don haka ga maganata. Tunkiya tana nan a ɗaure, na sa an wasa wuƙar ubanka, na ɗinka wa Zukiswa shuɗiyar riga, Asabar kafin Kirsimeti muke jira. Na kuma ciro nawa baƙaƙen kayan da na saya don jana'izar Lulama, na wanke na goge. In Asabar ɗin ta wuce ba ka shiga garke ba, zan saka su, in kama hannun surukata mu je coci ranar Kirsimeti, mu zauna a layin gaba a tsakiyar masu jajayen riguna. Ka san Mama Dyantyi ba za ta iya yin shiru ba, sai ta tambaye ni wa kuma ya rasu. Zan gaya mata ɗana ne da ke Cape Town.

Ka gaishe mini da Bulelwa, ka ce mata ba da ita nake fushi ba. Ka gaishe da jikokina Sinazo da Luyolo, da gwaggonka Nomhle in kun haɗu. Kawunka Zolile yana gaisuwa. Zukiswa ma tana gaishe ka. Ita ta rubuta adireshinka a bayan ambulan.

Allah ya kawo ka lafiya, ya kawo ka a kan lokaci.

Ni ce mahaifiyarka,
Nomakhwezi