Kada a Sake Yi wa Rahamatu Turaren Barkono

Zuwa ga Inna, a Roni.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, Inna. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da aikin lambu? Yayana Sabiru ya ce min barkonon bana ya yi kyau, har an fara shanya a tsakar gida. Allah Ya sa albarka.

Ni nan Fatakwal lafiya lau nake, ina nan a shagon niƙan barkono. Ɗan tari ne kawai, kuma kowa a shagon yana yi.

Inna, maganar jikarki Rahamatu ce ta hana ni sukuni. Na ji ranar da numfashinta ya sarƙe, Gwaggo ta zuba barkono a garwashi, ta lulluɓe ta da zani, wai a kori iskoki. Don girman Allah kada a sake. Yarinyar nan asma gare ta. In ciwon ya tashi, a ɗora ta a babur a kai ta asibitin Kazaure. Ranar dakan yaji kuma a tura ta maƙwabta.

Wata mata da muke niƙa tare a shagon, ita ma da ɗan tari ta fara. A kwance aka mayar da ita garinsu.

Na san yadda barkono yake kama ƙirji, Inna. Ni in ya shaƙe ni, sai in fita waje in sha iska. Rahamatu kuwa tana ƙarƙashin zani, ba ta da ƙarfin ture hannun Gwaggo.

Allah Ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Barira