Ƙorafi Kan Kuturtar da Aka Laƙaba wa Huraira

Daga: Tanko Sanusi, tela,
Bayan masallacin unguwa, Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
9 ga Mayu, 1977.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ma'aikatan Duba-gari.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ZALUNCIN DA MALAM ƊAN'AZUMI DUBA-GARI YA YI WA HURAIRA, MATAR ISYAKU

Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukan ƙanwata Huraira, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ba ta da ƙarfin zuwa gabanka da ƙafarta.

1. Huraira makitsiya ce, matan Gyaɗi-Gyaɗi har da na Daurawa sun san hannunta. Ta daɗe tana fama da tari, tana tofar da kaki mai yawa. Tun bara kawunan yatsunta suka fara kumbura, suka yi dunƙule kamar kan taɓarya, faratanta suka lanƙwashe kamar bayan cokali. Daga baya wuyan hannunta da gwiwoyinta da idon sawunta suka kumbura, ƙwaurinta yana zogi har ba ta son zani ya taɓa shi. Duk da haka ba ta daina kitso ba, ga kuma goyon ɗanta Bilya da take shayarwa.

2. Ranar Litinin, 14 ga Maris, Malam Ɗan'azumi ya shiga gidan mijinta duba randuna, ya tarar tana yi wa wata amarya kitso. Bai tambaye ta abin da ke damunta ba. Ya sa tsinin sandarsa ya ɗaga hannunta sama, ya juya shi don kowa ya gani, ya ce wannan kuturta ce, yatsun sun nuna, saura su zube. Amaryar ta tashi da gudu, rabin kanta a tsefe. Daga nan ya umarci Huraira ta kwaso tsinken kitsonta da matajinta da tabarmarta, ya sa ta cinna musu wuta da hannunta a tsakar gida. Da ta tsaya tana kuka, sai ya ce ta yi sauri tun tana da abin riƙe ashana. Ya fita ya shafa jan fenti a ƙofar zaure.

3. Kafin la'asar surukarta ta zare Bilya daga bayanta, aka yaye shi da ƙarfi ba tare da ya isa yaye ba. Mijinta bai hana ba. Aka ɗora ta a kurar ɗaukar kaya, domin babu mai motar da ya yarda ya ɗauke ta, aka kai ta wata bukka a gonarsu da ke bayan Tarauni. Can na same ta, nono ya cika ya jiƙa mata riga, ana ajiye mata tuwo a bakin kunyar gona a yi mata tafi daga nesa.

4. Ranar Talata, 19 ga Afrilu, na kai ta asibiti. Likita ya riƙe hannunta da nasa hannun, ya tsira mata allura a kowane yatsa ta ji zafi, ya duba fatarta bai ga tabo ba, ya sa aka ɗauki hoton ƙirjinta. Ya ce babu kuturta ko kaɗan. Tsohon ciwo ne ya ci huhunta, shi ne ke kumbura yatsu da gaɓoɓi, kuma ba ɗaukarsa ake yi ba. Ya ƙara da cewa zaman bukka da rashin ci sun ƙarasa abin da ya rage.

5. Na je wurin Malam Ɗan'azumi da wannan bayani, na durƙusa masa. Ya ce ma'aikacin hukuma ba ya janye magana don tela, kuma in wanke hannuna kafin in sake taɓa ƙofarsa. Na je wurin surukan, suka ce hukuma ce ta shafa fentin, hukuma ce za ta goge. Yanzu Huraira tana ɗakin matata. Na taɓa goya ta muka tsaya nesa da gidan mijinta don ta hango yaron. Da ya gan ta ya miƙo hannu, kakarsa ta juya masa fuska.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya binciki wannan ma'aikaci, ya hukunta shi gwargwadon doka. Ya kuma umarce shi ya koma ƙofar nan ya goge fentin, ya faɗa da ƙarfi gaban mai unguwa cewa ƙarya ya yi, domin a mayar wa Huraira ɗanta. Ba ma neman diyya.

Na san ayyuka sun yi wa ofishinka yawa, kuma takarda tana bin layi. Sai dai likita bai ba mu tabbacin za ta ga damina ba. Idan amsar za ta yi jinkiri, ina roƙon a aiko ta duk da haka, domin mai wankan gawar unguwarmu ta riga ta ce ba za ta taɓa ta ba.

Allah ya ja zamaninka.

Ni ne mai biyayya gare ka,
Tanko Sanusi