Kilomita Talatin ɗin Baba

Asabar, 6 ga Afrilu

Na je gidan Baba da niyyar mu yi maganar ajiye lasisin tuƙi, sai na tarar da shi a tsakar gida da tef ɗin awo, yana auna babur ɗinsa daga fitila zuwa lamba. Wai mota zai saya. Mutum mai shekara saba'in da shida. Ba ma ƙaramar mota ba, irin wadda ake kwana a ciki, a kuma loda babur a baya. Na tsaya riƙe da kwanon miyar da na kawo masa, na ma manta in ajiye. Wata uku ina shirya yadda zan ce masa ya haƙura da hawa babur, ashe shi ƙarin taya huɗu yake nema.

Ya ce in riƙe masa bakin tef. Na riƙe. Har yanzu haushin kaina nake ji.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Na kira ƙanena Shuji a Osaka. Wai, Yaya, ki bar tsoho ya ji daɗinsa. Ai daga Osaka komai da sauƙi. Idan Baba ya faɗi ba shi za a kira ba.

Asabar, 13 ga Afrilu

Na bi shi wurin masu sayar da motocin, don in samu abin kushewa. Wani mai suna Utsumi ya tarbe mu, mai furfura a gefe, bakinsa kamar an shafa masa zuma.

Ya fara nuna mana babbar. Kicin, banɗaki, gado biyu, ga ɗaki a baya na babur shi kaɗai. Gaskiya ta burge ni, har na buɗe firij ɗin na rufe sau biyu. Baba ko leƙawa bai yi ba. Ya ce wannan duk garin da ta shiga sai yara sun bi ta da kallo. Utsumi ma ya yarda ba za ta shiga filin ajiye motar gidanmu ba, kuma 'yan sanda ba za su ba da takardar shaidar wurin ajiye mota ba sai sun zo sun auna.

Aka nuna mana ƙarama, babur ba zai shiga ba sai an cire kujerar gaba. Aka nuna tirela da ake ja a baya, Baba ya yamutsa fuska ya ce, a buɗe, kowa na gani?

Can ƙarshen fili ya hango wata doguwar farar mota, ba taga a baya, irin ta masu gyaran famfo. Ciki fayau, sai ƙugiyoyi a ƙasa na ɗaure babur, da gado ɗaya da ake naɗewa jikin bango. Ita ya zagaya. Sau uku yana tambaya ko daga waje ana iya gane abin da ke ciki. Na fara tunanin ko mutumin nan sata ya koma da tsufa.

Sai Utsumi ya tambayi wa zai riƙa tuƙawa, don a daidaita kujera. Baba ya nuna ni da haɓa.

Ni.

Talata, 16 ga Afrilu

Ban kira shi ba. Shi ma bai kira ba.

Asabar, 20 ga Afrilu

Yanzu na dawo daga gidan Baba.

Na je na ce ba zan tashi ba sai ya gaya mini gaskiya. Ya dafa shayi, ya yi ta juya kofi, sannan ya ce in kalli hannunsa na dama. Ya ɗaga, bai kai kafaɗa ba ya tsaya. Wata goma kenan, ina zuwa gidan nan duk mako, ban lura ba.

Taronsu ne na tafkin Towada, shi da abokansa mahaya babur. Shekara arba'in da biyu suna yi, Asabar ta biyu a watan Yuni, a wani masauki mai maɓuɓɓugar ruwan zafi. Su tara suka fara, saura huɗu: shi, Hosoya, Nagumo da Kuwabara. Doka ɗaya ce tal, kowa ya zo a kan babur ɗinsa daga ƙofar gidansa. Daga nan Takasaki ya haura kilomita ɗari shida. Bara, a hanyar dawowa, ya tsaya shan mai, ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa. A tsaye fa, ba gudu yake ba. Babur ya kwanta a kansa, wasu mata biyu suka ɗaga. Kwana biyu ya yi a asibiti. Ni kuma ya ce mini kamun kifi ya tsaya, har na yi masa tsiya da bai kawo ko ɗaya ba.

Abin da yake so: in kai shi da babur a ɓoye cikin farar motar, mu tsaya nesa kaɗan da tafkin, mu sauke, ya hau ya ƙarasa kamar daga gida yake.

Na ce wannan ai ƙarya ce, Baba.

Ya ce, "Na sani. Su ukun nan duk sun girme ni, kuma suna zuwa da ƙafarsu. Ba zan iya zama na farkon da ya gaza ba. Kilomita talatin nake roƙo, Kanae."

Tunda nake ban taɓa jin ya ce yana roƙo ba. Ko ranar da Mama ta rasu umarni yake ta bayarwa.

Na ce na yarda, amma wannan ce ta ƙarshe. Muna dawowa mu je ya miƙa lasisin. Ya ce to, yana kallon kofi.

Laraba, 1 ga Mayu

An zo auna filin ajiye mota. Ya gaza da ɗan yatsa huɗu, sai da muka janye tukwanen furen Mama gaba ɗaya. Baba da kansa ya kwashe su, da hannu ɗaya. Mai awon ya tambaya ko sana'ar famfo za mu fara, Baba ya ce kusan haka.

Asabar, 25 ga Mayu

Mota ta iso. Na sa Utsumi ya ƙara injin ja mai igiyar ƙarfe, don na ga gadar da ake tura babur a kanta, na kuma ga hannun Baba. Da farko ya ƙi, wai abin ragwaye ne. Na ce ko injin ko a fasa.

Mun gwada lodawa sau biyar. A na biyu babur ya karkato kaina, na ji nauyinsa a ƙirjina, kilo ɗari biyu da hamsin. Wannan abin ne ya kwanta a kansa bara. Na zauna a ƙasa, shi kuma yana ta faɗan na ja igiyar hagu fiye da ta dama.

Ya hana ni wanke babur ɗin. Wai a bar shi da dattinsa, wa ya taɓa yin tafiyar kwana guda ya iso yana ƙyalli? Ashe har wannan ya lissafa.

Juma'a, 7 ga Yuni

Awa tara ina tuƙi. Shi yana gefe yana gaya mini inda ya saba tsayawa, da inda ruwa ya taɓa dukansu, da inda marigayi wane ya ɓata. Motar duk warin fetur. Bayana kamar an daka.

Asabar, 8 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Da hantsi muka tsaya bayan wata tashar hutawa, wajen da ake tara kwalaye. Muka sauke lafiya. Ya bar injin yana aiki minti goma don ya yi zafi, ya sa hular kwano, ya tafi ko waiwayowa bai yi ba. Na bi shi da ido har ya sha kwana. Zamansa a kai daram.

Ina naɗe igiyoyi aka ƙwanƙwasa jikin motar. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama da hular rana. Ta kira sunan Baba, ta ce, ke ce 'yar Morishige ko? Ta ce ta gane babur ɗin, shekara arba'in tana ganinsa a hotuna. Ita ce matar Hosoya. Na fara haɗa ƙarya, wai na zo yawon buɗe ido ne, ta ɗaga mini hannu.

"'Yata, wurinmu kika tsaya. Sa'a kika ci mun riga ku da awa ɗaya, da sun yi ido huɗu."

Ta ja ni zuwa ɗaya gefen ginin. Farar mota, ba taga a baya. Ciki ga gada, ga igiyoyi, ga injin ja irin namu sak.

Sai da na sake leƙawa.

Shekara shida tana kawo mijinta. Surukin Nagumo shekara huɗu. 'Yar Kuwabara ta fi kowa daɗewa, tara, kuma nata uban har ƙasa yake ɗiba ya shafa a gwiwar wando kafin ya hau. Suna da rukuni a waya, da takarda mai lokaci da wurin saukar kowa, don kada tsofaffin su ci karo. Kowannensu ya ɗauka shi kaɗai ne mai wannan abin kunyar. Ta kira sauran biyun, muka ci taliyar soba mu huɗu, suna ta dariya suna ba ni shawarar igiyar da ba ta zamewa.

Na ce to ai sai a gaya musu kowa ya huta. Dariyar ta tsaya. Matar Hosoya ta ce ranar da suka sani, ranar taron ya mutu, kuma mijinta watan Yuni kawai yake jira daga shekara zuwa shekara, shi ya sa ma yake yarda ya sha maganinsa. Sannan ta dafa hannuna ta ce, "Babanki ne na ƙarshe da yake zuwa da gaske. Duk shekara sai mun ce, bana ma Morishige ya zo da kansa. Mun daɗe muna jiranki."

Na shiga banɗakin tashar na yi kuka kamar wata yarinya.

Kafin mu rabu 'yar Kuwabara ta tambayi wane lokaci za a rubuta mana baɗi. Na ce kada a rubuta, mu mun gama.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ya iso wurin kwalayen da rana, fuskarsa ja, yana warin ruwan zafi. Muka loda ba gardama. Ya yi ta ba ni labari: Kuwabara ya ce ruwa ya dake shi tun daga Sendai, Nagumo ya ce shi sau ɗaya kawai ya tsaya. Na ƙura wa titi ido ina cizon leɓe.

Da muka yi nisa ya lumshe ido. Na ɗauka barci ne. Sai ya ce, "Kuwabara shekararsa tamanin, ki ga gwiwarsa duk ƙasa. Ni kuwa 'yata ce ta kawo ni a kwali kamar firij. Da suke yabona na rasa inda zan sa fuskata."

Maganar ta zo har bakina. Kalma biyar ta isa, da ya daina jin kunyar nan. Amma da na faɗa, da na kwashe masa mutum uku da yake gani kamar duwatsu, na kuma kwashe wa matar Hosoya nata. Na ce, Baba, na ga tashinka jiya, ko girgiza ba ka yi ba.

Ya ce da gaske?

Na ce da gaske.

Ya juya yana kallon gonakin shinkafa. Can ya ce ranar Laraba yana da sarari, idan zan kai shi ofishin lasisi.

Laraba, 12 ga Yuni

Ban je ba. Na ce masa aiki ya riƙe ni, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Na yi masa rajista wurin mai gashin ƙashi saboda hannun, wannan ko ba babur ya kamata a yi. Matar Hosoya ta sa ni a rukuninsu, ban roƙa ba. Ta turo takardar baɗi, akwai gurbi ƙarfe goma da rabi bayan wani rumbun shinkafa, wai daga can kilomita ashirin ne kuma hanyar ba kwana da yawa. Na ce a riƙe mana kawai, kada wani ya ɗauka. Riƙewa ce, ba wai na yarda ba.