Zogalen da Aka Shanya a Inuwa

Zuwa ga Inna, bayan gaisuwar ɗa ga mahaifiya, da fatan makwancinki ya yi sanyi.

Kin san na bar kolej a aji uku, na sauka Yamai da taguwa ɗaya. Na yi dako a kasuwar Wadata. Na gyara Faransancina da tsoffin jaridun da ake ƙunshe ƙosai. Da tsintsiya na shiga gidan gwajin magunguna, yau ni ke riƙe da makullin ɗakin dabbobi. Babu kawu a gwamnati, babu wanda ya kama mini hannu.

Aikin ne ban taɓa gaya miki ba. Shekarar da fari ya cinye gonarmu, kuna layin jar dawar da soja ke rabawa, ni ina nan ina dama gwaiduwar ƙwai da man shanu ina ɗura wa zomaye, don kitse ya taru musu a jini. Likitanmu na ce wa kitsen kolesterol, yana son ya ga ko garin zogale zai sauke shi. Da kika aiko ana tambayar sana'ata, na ce a gaya miki asibiti nake. Kunya ce, Inna.

An daɗe ana gwaji, jinin bai motsa ba. A kan rufin kwano suke shanya ganyen, har ya koɗe kamar harawa. Sai na tuno ki a ɗaki, kin baza shi a tabarma kina juyawa da hannu, kina cewa: "Kada ka kai shi rana, Isa, ƙarfinsa zai tafi."

Na gaya wa likita. Ya yi dariya, ya ce in gwada a kan rabin zomayen. A ɗakina na unguwar Bukoki na shanya. Zomayen da suka ci nawa, kitsensu ya sauka. Ya ce na zomo ne tukuna, na mutum ba a sani ba. Ina shirin zuwa in ba ki labari, saƙon rasuwarki ya riga ni.

Yanzu an buga rahoton. Akwai sunan likita, akwai na Baturen da ya leƙo mu sau biyu. Nawa babu.

Gobe zan shiga biro, ofishin likita, in nemi a sa sunana. A zamanin nan ƙaramin ma'aikaci ba ya ɗaga murya, ana iya sallamata. Zan shiga dai.

Allah ya jiƙanki, ya ciyar da ke abin da ban kawo miki ba, ya yafe mini.

Ɗanki ne. A rubuta ni a shafin farko, yadda ake kirana a garinmu, da sunanki: Isa na Hajo.