Ranar da Babura Suka Shigo Gari

Inno,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, yaya ƙanwata Basira da mutanenmu na Tsamaye?

Lafiyata lau, kada ki damu. Wanga gari na Amurka ƙarami ne, ko Unguwar Lalle ta fi shi jama'a. Samari sun watse, sai tsofaffi da gonakin masara. Don kasuwa ta motsa, majalisar garin kan gayyato masu babura duk shekara. Ba wanda ya gaya mini.

Ran Asabar ina tatsar shanu a wurin aiki na ji rugugin babura, irin na ranar da 'yan bindiga suka shigo mana. Ban san lokacin da na faɗa cikin masara ina salati ba. Shugabar garin, wata tsohuwa mai gasa burodi, ita ta gano ni. Ta ce biki ne. Na yi dariya.

Ki sa ƙanena Talha ya kira ni in ji muryarki. Inno, an ce kun girbe gero, gonaki sun zama fili. In 'yan bindigan suka dawo, ina za ku ɓuya?

Allah shi tsare mini ku.

Ɗanki,
Halliru